Ƙafar Mitsi a Injin Faks

Shagon yana nan har yau, a ƙasan benen nan mai baranda, tsakanin mai gyaran agogo da kantin magani, sai dai yanzu caja da rigunan waya ake sayarwa a ciki. Duk ranar da Umman Mitsi ta bi ta layin sai ta rage tafiya ta leƙa. Ba kowa take nema ba. Kusurwar dama take dubawa, inda a da teburin Baba Akawu yake, da injin faks a kansa an lulluɓe shi da farin ƙyalle.

Masu latsa waya na yanzu, waɗanda ke tura hoto bayan teku kafin shayinsu ya huce, ba za su gane ba. A wancan zamanin aika takarda aiki ne da ake yi wa shiri, kuma a layin nan kaf ba wanda ya ɗauki shirin da muhimmanci kamar Baba Akawu. Tsoho ne siriri mai tabarau, ya ƙare ƙuruciyarsa yana buga tafireta a wani ofishi, da ya ajiye aiki ya sayi injin nan ya kafa shago. Tun daga bakin ƙofa yake soma yi wa takardarka tambayoyi. In da fil ko ƙarfen maƙalawa a jikinta, sai ya zare shi a hankali ya jefa cikin gwangwanin madara, yana faɗa maka cewa irinsa ne ke yage wa inji ciki. In ta yamutse, ka koma gida ka goge ta. In da fensir ka yi rubutu, ga baƙin biro, zauna ka bi kai harafi bayan harafi, don inji ba ya ganin fensir. Shuɗin biro ma da ƙyar yake yarda da shi. In takardar ta cika laushi sai ya ɗauki hotonta a kan mai kauri tukuna. Sannan ya rubuta a sama, da rubutunsa mai kama da bugun inji, daga wane, zuwa ga wane, da lambar shafi. Sai an gama duk wannan zai yaye farin ƙyallen, ya sa takardar a kife, ya daidaita gefenta da 'yan yatsu biyu, ya danna lambobi yana karanta su a fili.

Mutane suna gunaguni, suna kuma dawowa, domin takardar da ta bi ta hannun Baba ba ta taɓa isa a dagule ba. Shi ma ya san haka, yana kuma ji da kansa a kai.

Umman Mitsi a gidan burodi take aiki, ita ke zuba burodi a leda tun yana da ɗumi. Kullum hannunta da maiƙo, saboda haka dokarta ta daban ce: sai ta wanke hannu da sabulu a bakin ƙofa kafin ta taɓa ko da gefen teburin. Mijinta mai walda ne. Wani kamfanin gyaran jiragen ruwa ya ɗauke shi aiki can bayan teku, ya tafi a kan zai yi shekara guda, shekarar ta yi ta haihuwar 'yan'uwanta. Lokacin da ya tafi, 'yarsu ba ta gama iya magana ba. Shi ya sa mata Mitsitsiya saboda ƙanƙantarta, aka gajarta ya koma Mitsi, sunan ya bi ta har ya danne na gaskiya.

Gidansu babu tarho, kiran ƙasar waje kuwa ba abin da ake yi da wasa ba ne. Amma a ofishin kamfaninsu akwai faks, mai kula da sito yana miƙa wa ma'aikata abin da ya zo da sunansu. Ta nan suke gaisawa. Ta nan kuma maganar takalmi ta samo asali.

Abban Mitsi ya ce komai na yarinyar uwarta ta saya mata, amma takalmi shi zai riƙa aikowa. Da farko Umma ta tura masa lamba, sai ga takalmi ya iso ta hannun wani abokin aikinsa da ya zo hutu, ƙato, ƙafafun Mitsi biyu za su shiga ƙafa ɗaya su bar wuri. Aka yi dariya aka gaji. Ya rubuto cewa lambar can da ta nan ba ɗaya ba ce, a daina wahala da lamba. A ɗora ƙafarta a takarda, a zagaye ta da alƙalami, a turo masa. Shi zai yanke zanen da almakashi ya tafi da shi kanti, duk takalmin da takardar ta kwanta a cikinsa lafiya shi ne nata.

Ranar zanen ƙafa ranar biki ce a ɗakin nan nasu na haya. Umma za ta dawo daga aiki da rana, ta wanke wa Mitsi ƙafa tas, ta goge tsakanin 'yan yatsu, don Baba Akawu ya taɓa mayar da su gida saboda sawun ƙura. Ta shimfiɗa farar takarda a kan murfin akwati, ta tsayar da yarinyar a kai. Da fensir ya taɓa tsakiyar tafin ƙafar sai Mitsi ta ƙyalƙyale da dariya ta janye, a sake sabon zane.

"Tsaya mana, sarkin motsi! So kike Abbanki ya ɗauka agwagwa na haifa masa?"

"Umma, cakulkuli yake yi mini!"

"To ki faɗa wa Abbanki, shi ya jawo miki."

In an samu zane mai kyau, Umma ta bi kansa da baƙar maka, alƙalamin nan mai kaurin baki, ta ɗora ɗankwali a kan takardar ta bi ta da dutsen guga, ta sa ta cikin wani tsohon kwali don kada ta lanƙwashe. Mitsi ce ke riƙe kwalin a hanya, da hannu biyu, ba ta yarda kowa ya matso kusa. A shago ta ɗane benci ta zuba wa injin ido. Yakan yi kuka, ya yi tsuwa, ya yi wani ƙara kamar ana soya abu, sannan ya soma haɗiye takardar sannu-sannu. Abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne takardar tana fitowa ta ɗaya gefen.

"Kaka, ai ga ƙafata nan ta dawo. Ba ta tafi ba."

"Ta tafi, ta kuma zauna," in ji Baba Akawu. "Ke dai ki bar manya da aikinsu."

A ƙarƙashin zanen Umma take rubuta saƙonta. A karon farko layi biyu ne ko uku: muna lafiya, Mitsi tana gaishe ka, Allah ya tsare. Takalmin da ya biyo bayan wannan zanen ya zauna wa yarinyar ɗas. Fari ne mai maɓalli a gefe. Ta ƙi cire shi ko da za a yi mata wanka, duk wanda ya shigo gidan sai ta ɗaga masa ƙafa ta ce Abbanta ne ya aiko daga cikin inji.

To amma ƙafa tana girma, kewa ma tana girma, takarda kuwa tana nan yadda take. Da aka sake zane, wurin da ya rage a ƙasa bai ishi abin da ke bakin Umma ba. Ta tsaya tana juya biro, don shafi na biyu zuwa ƙasar waje ya fi ƙarfin aljihunta. Baba Akawu ya dube ta ta saman tabarau. Mutum ne mai faɗa, amma zuciyarsa ba ta da ƙashi. Ya ɗauko wata takarda ya yanko rabinta da rula da reza, ya haɗa bakinta da gindin ta farko, ya manne su ta baya da salatif, ya bi wurin da farcen babban yatsa har sai da mahaɗin ya kusa ɓacewa.

"Rubuta, 'yar nan. Inji ba ya ƙin doguwar takarda in an manne ta da kyau. Ni kuma a wurina shafi ɗaya shafi ɗaya ne, ko ya kai tsawon tabarma."

Umma ta yi godiya har da ɗan rusunawa. Daga ranar ta saki hannu. Ta ba mijinta labarin haƙorin Mitsi da ya fita, da rufin ɗaki da ke yoyo ta wajen taga, da maƙwabciyarsu da ta sayi rediyo ta hana kowa sakat. Wani lokaci takan rubuta abin da ba za ta iya faɗa masa ido da ido ba, ta rufe da hannu don kada Baba ya gani, shi kuma ya juya baya yana goge injin da ba shi da datti. Kowane zane, jelar takardar sai ta fi ta baya tsawo. Abban Mitsi har ya taɓa tsokanarta cewa rubutunta ya koma sawun tururuwa, sai ya ari tabaran mai sito yake karantawa. Ta yi dariya, ta ce wa Baba tsufa ne ya soma kama mutumin.

Takalmi na gaba ya iso, ruwan ƙasa mai igiya. Da ƙyar ya shiga. Mitsi ta daure ta sa shi kwana biyu tana ɗingishi, har diddigenta ya yi bororo ya fashe. Umma ta ce ai yara haka suke, kafin kaya ya iso sun ƙara girma. Ta ɗora shi a saman kabad. Da ta tashi ba Abban Mitsi amsa, ta tuna yadda yake tsayuwa cikin zafin ƙarfe da tartsatsi kafin ya samu abin sayen, ta kasa faɗa masa gaskiya. Ta rubuta masa cewa takalmi ya yi daidai, Allah ya ƙara buɗi.

Wanda ya biyo baya ja ne, mai ɗan fure a sama, irin wanda ba a taɓa ganin kamarsa a layin ba. Mitsi ta rungume shi tun a hannun mutumin da ya kawo. Ta zauna a dandamali ta tura ƙafa, 'yan yatsun kawai suka shiga. Ta cire, ta sake turawa. Ta je ta ɗebo man shafawa ta mulke ƙafar, ta miƙe tsaye ta danna da ƙarfinta har fuskarta ta yi jawur. Umma tana tsaye a kanta tana kallo. Sabon takalmin ko na saman kabad bai kai ba.

Yarinyar ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta jera takalman biyu a gefe, ta goge hannu a riga.

"Umma, Abba bai san ni ba."

"Kai, wace irin magana ce wannan? Rufe mini baki."

"Bai san ni ba. Wata 'yar jaririya yake saya wa."

Maganar ta soki Umma, don ita ma abin da take gudun tunawa ke nan. Ta sha zama a gidan burodi, hannunta yana aiki, zuciyarta tana saƙa mata cewa ƙila ya daina yanke zanen. Ƙila yana karɓa ya cusa a aljihu, in ya ga mai tahowa gida ya shiga kanti a gurguje ya ɗauki duk wanda idonsa ya faɗa a kai. Mutumin da yake auna ƙarfe da tef ba ya kuskure, yaya za a yi ƙafar 'yarsa ta gagare shi? Ta ji haushinsa, ta ji tausayinsa, ta kuma ji tsoro, domin ta san yarinya in ta rufe wa mutum zuciyarta tun tana ƙarama, buɗewa sai an sha wuya. Duk da haka da ta je shago ta sake rubuta masa cewa ya yi daidai.

Ga shi an kusa sa Mitsi a makaranta, Abbanta ya daɗe yana cewa da takalminsa za ta taka aji. Umma ta wanke hannu, ta shimfiɗa takarda a kan akwati, ta kira ta. Mitsi ta zo bakin ƙofa ta tsaya, ta ɓoye ƙafa ɗaya a bayan ɗaya.

"Ni ba na so. Ki saya mini a kasuwa kamar na kowa."

Lallashi bai yi ba, tsawa ba ta yi ba, alewa ma ba ta yi ba. Umma ta naɗe takardarta ta mayar cikin kwali. Mako ya zagayo, wani ya bi bayansa, ba ta je shago ba, don ba ta san abin da za ta rubuta ba.

Wata ranar tana dawowa daga aiki da yamma, Mitsi na riƙe da gefen mayafinta, sai Baba Akawu ya fito har bakin titi yana ɗaga mata hannu. Wannan ba ɗabi'arsa ba ce.

"'Yar nan, zo. Saƙo ya zo miki tun da safe. Ban karanta ba, amma idona ya faɗa a kan layin farko, bai kuma yi mini daɗi ba."

Ko sabulu bai ce ta taɓa ba. Ya miƙo mata takardun, irin masu santsin nan da ke fitowa daga naɗin cikin inji suna nannaɗewa da kansu. Rubutun Abban Mitsi ne, manya-manyan haruffa a karkace.

"Umman Mitsi, don girman Allah ki faɗa mini gaskiya. Me ke damun yarinyar nan? Duk zanen da kika turo ina ajiye shi. Jiya na ɗora na bana a kan na bara, na bana ya fi ƙanƙanta. Na ɗora na bara a kan na farko, kusan ɗaya suke. Kin kuma ce takalman suna yi mata daidai. Yarinyar da ke cin abinci tana wasa ba ta yin shekaru ƙafarta na komawa baya. In ciwo take yi kike ɓoye mini, ba ki kyauta mini ba. Na kasa cin abinci. Ga su nan na mayar miki ki gani da idonki."

Shafukan da suka biyo baya zanen ƙafa ne guda biyu, waɗanda ya yanke da almakashi ya manna a farar takarda. Umma ta dube su. Hannunta ne, ta gane inda makar ta ɗan kauce wajen ƙaramin yatsa. Amma ƙafar ba ta Mitsi ba ce, ta yi kama da ta yaron goye. Ta durƙusa ta kara takardar a gefen ƙafar 'yarta, ta ga ko gindin 'yan yatsu ba ta kai ba.

"Baba, wannan ba abin da na ba ka ba ne."

"Inji ba ya ƙarya," in ji shi, amma muryar ba ta fito da ƙarfin da ta saba ba.

Ya jawo aljihun tebur, ya fiddo asalin takardar ƙarshe, don yakan ajiye wa mutane nasu in sun manta. Ga ta nan da doguwar jelarta, ta kusa tsawon hannunsa. Ya shimfiɗa ta, ya ɗora wadda ta dawo a kai. Ƙaramar ƙafar ta kwanta a cikin babbar, da fili ta ko'ina. Ya ɗauko rula ya auna wannan, ya auna waccan. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Can sai ya nemi kujera ya zauna.

"Sawun tururuwa," ya faɗa a hankali. "Ya faɗa mana, muka yi dariya."

"Me ke nan, Baba?"

"Injina naɗi yake amfani da shi, in takarda ta zo da tsawo sai ya yi ta warwarewa har ta ƙare. Nasu na kamfani ba haka yake ba. Yankakkiyar takarda yake ci, irin ta ofis, tsawonta ɗaya. In ka tura masa doguwa ba ya yanke ta biyu, matse ta yake yi gaba ɗaya ta shiga shafi guda. Rubutu ya ƙanƙance, zane ya ƙanƙance." Ya nuna salatif ɗin da yatsa. "Duk lokacin da na ƙara miki jela, na rage wa yarinyar nan ƙafa."

Umma ta dubi doguwar takardar. Ga labarin rufin ɗaki, ga na rediyon maƙwabciya, ga layukan nan na ƙasa da ta rufe da hannu. Ashe duk kalmar kewa da ta ƙara, a ƙafar 'yarta aka cire. Dariya ta zo mata, hawaye suka riga ta fitowa, ta haɗa su biyun ta zauna a benci tana share fuska da gefen mayafi. Mutumin da ta zarga da cusa takarda a aljihu, ashe yana can yana ɗora su a kan juna yana kasa cin abinci.

"Da na ce masa bai shiga ba tun na farko..."

"Da ni ma na bar takarda yadda aka yanko ta," in ji Baba. "Tashi, ba yanzu ake rabon laifi ba. Can ba su tashi daga aiki ba tukuna."

Sauran aikin yana wurin Mitsi, wadda ta maƙale a jikin ƙofa tana kallonsu. Baba Akawu bai iya lallashin yara ba, saboda haka bai gwada ba. Ya kira ta kamar yadda yake kiran manyan masu kawo takarda, ya nuna mata zanen biyu.

"Kin ga wannan babbar? Ita kika ba ni. Kin ga wannan ƙaramar? Ita injin can ya ba Abbanki. Da ita ya je kanti. Abin da aka ba shi ya saya, bai ƙara ba, bai rage ba. Laifin nawa ne da na injin, ki yi fushi da mu."

Mitsi ta daɗe tana duban ƙaramar ƙafar. Ta taɓa ta da yatsa.

"Shi ya yanke ta?"

"Shi ya yanke, da almakashi. Dubi yadda ya bi kowane yatsa."

Ba ta ce ta yarda ba. Ta dai zame silifas ɗinta. Umma ta wanke mata ƙafa a bakin ƙofa da ruwan butar Baba, aka ɗora sabuwar takarda a kan kwali, ta hau. Wannan karon fensir ya bi ta tsakiyar tafin bai samu dariya ba. Baba da kansa ya bi zanen da maka. Ya kwantar da rula a gefen takardar ya ja layi, ya yi masa gaɓa-gaɓa da lambobi, ya rubuta a sama cewa a gwada layin nan da tef kafin a yanke. Umma ta miƙa hannu za ta ɗauki biro, ya janye shi.

"Yau ƙafa kaɗai za ta tafi."

"Baba, ko layi ɗaya. Yana can hankalinsa a tashe."

Sai ya nuna mata wani ɗan fili a ƙasan diddige. Ta sunkuya ta rubuta: "Lafiyarta ƙalau. Wannan ce ƙafarta ta gaskiya. Injinku ne ke matsewa." Abin da ya rage a bakinta ta haɗiye shi.

Baba ya sa takardar a kife, ya daidaita gefenta, ya karanta lambobin a fili. Inji ya yi kukansa, ya haɗiye, ya fitar. Sai jira. Mai gyaran agogo ya leƙo ya tambayi lafiya, aka ce lafiya. Wani mutum ya kawo takardun neman aiki da fil a jiki, Baba ya zare ya jefa a gwangwani ko faɗa bai yi ba. Rana ta sauka daga kan baranda ta koma bangon kantin magani. Mitsi tana zaune a ƙarshen benci, ta juya wa injin baya, tana kaɗa ƙafa kamar ba abin da ya dame ta. Umma kuwa ta ga duk motar da ta yi ƙara a titi sai kafaɗar yarinyar ta motsa.

Baba ya soma kai hannu ga farin ƙyalle ke nan injin ya yi ƙara. Takarda ta soma fitowa layi-layi, da jan rai irin nasa. Rubutun Baba na sama ya fara bayyana, sannan 'yan yatsun ƙafa. Takardarsu ce ta dawo. Umma ta ɗauka ba ta isa ba. Sai ta ga akwai wani zane a kan nasu, mai kaurin layi, irin na makar da ake yi wa ƙarfe alama. Yatsu ne dogaye guda huɗu, sannan babban yatsa a gefe. Abban Mitsi ne ya ɗora tafin hannunsa a kan zanen ƙafar ya zagaye shi. Daga gindin hannun zuwa kan dogon yatsansa, ƙafar ta cika shi taf, har babban yatsanta ya ɗan leƙo waje. A ƙasa ya rubuta, haruffan suna hawa kan juna: "Na auna da tef, daidai ne. Haka 'yata ta girma ban sani ba? Ku yafe mini."

Baba ya yage takardar daga bakin inji ya miƙa wa Umma. Ta karanta a zuci. Yarinyar ta sauko daga benci ta karɓa da hannu biyu, ta dube ta sama da ƙasa. Sai ta shimfiɗa ta a kan kwalin, ta danne gefen da ke nannaɗewa, ta zame silifas, ta ɗora ƙafarta a kai a hankali, diddige a gindin hannun, yatsu a kan yatsu. Takardar tana da sauran ɗumin inji.

"Umma," ta ce, ba ta ɗago kai ba. "Abba ya riƙe mini ƙafa."

Lokacin rufe shago ya wuce, mai agogo ya ja ƙofarsa, kantin magani ya kunna fitila. Ba wanda ya ce mata ta sauka.